Na Ƙirga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana goma sha ɗaya ban rubuta muku komai ba, kuma na ga saƙonninku, har da masu tambayar ko an ɗaura ne ban gayyace su ba. Ba a ɗaura ba. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Sunayen da za ku gani duk na sauya su, kuma ban rubuta sirrin kowa ba sai da izinin mai shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Hamida, shekarata ashirin da uku, gidanmu yana Badariya a Birnin Kebbi. Ina shekarar ƙarshe a kwas ɗin ba da shawara, wato aikin zama da wanda damuwa ta yi wa yawa, a saurare shi, a taimaka masa ya ga hanya. A Argungu makarantar take, kullum da safe kabu-kabu zai kai ni tasha in shiga motar haya, in dawo bayan la'asar.

Sai kuma Aminullahi. Manomin shinkafa ne, gonarsa a Zauro, asalinsa mutumin Augie, yana kuma sarin albasa. Wata bakwai yana zuwa wurina. Dogo ne, shaddarsa kullum a goge, turarensa ke riga shi shiga zaure, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya taɓa aure sau ɗaya. Ya ce wa Baba matar ta samu taɓin hankali, iyayenta suka ɗauke ta da 'yar da suka haifa. Duk gidanmu an tausaya masa, har da ni. Inna kuwa, mahaifiyata, in ta ji sallamarsa har canza mayafi take yi. An tsayar da ranar Asabar kawunnansa za su zo gaisuwa a sa rana.

Akwai wani abu da yake yi wanda na ɗauka so ne. In ya kira ni sau uku ban ɗauka ba, ba ya ƙara na huɗu. Saƙo zai turo mai kalma biyu: "Na ƙirga." Da na gani sai in yi dariya in kira shi ina ba shi haƙuri, shi kuma ya ce in turo hoton inda nake. Wayar ma shi ya kawo min ita, ya saita komai da hannunsa kafin ya miƙo min.

A wannan zangon Madam Priscilla ke koya mana. Mutuniyar Filato ce, shekararta ashirin a Birnin Kebbi, gajeriya mai farin gilashi, kullum cikin atamfa da takalmi shimfiɗaɗɗe. Darasin nata yana da dogon suna na Turanci, mu dai hanyar mafita muke ce masa. Ana yin sa ne a zama kaɗan, huɗu ko biyar, kuma ba a tsayawa tonon baya.

"Mutum ya fi ku sanin ciwonsa," in ji ta. "Abin da ya manta shi ne ranakun da ciwon ya yi sauƙi. Su za ku taya shi nema."

Ta haɗa ni da Vivian, ƙawata ta aji, muna gwadawa a junanmu. Za ka ce wa mutum ya ɗauka ya kwanta barci, kafin safiya matsalar ta tafi bai sani ba, to me zai fara gani da zai gane ta tafi? A littafi mu'ujiza aka rubuta. Madam ta ce kar mu kuskura mu ce wa tsohuwar Argungu mu'ujiza, za ta ce mana wannan ta annabawa ce. Mu ce mata Allah ya yaye. Sannan a tambayi mutum, daga sifili zuwa goma, a ina yake yau. In ya ce biyu, ba a cewa me ya sa bai kai goma ba, sai a ce me ya hana shi zama sifili. Ni da Vivian dariya muka yi ta yi, tana ce min matsalarta ita ce zafin Kebbi, kuma a sifili take.

Da aka tura mu gwajin aiki, ni aka ba wani ɗan ɗaki a bayan wani ƙaramin asibiti a Argungu. Kujeru biyu na roba, fanka mai ƙara, taga ɗaya mai kallon dogon yaro. Madam tana ɗakin kusa, in na gama in kai mata abin da na rubuta.

Ranar Talata ta farko wata mata ta shigo. Ba za ta wuce sa'ata ba, amma ramar da ta yi ta sa ta zama kamar yayata. Hijabinta ruwan toka har ƙasa, ya koɗe a kafaɗa. Ta ce sunanta Riskuwa. Kafin ta zauna sai da ta juya kujerar ta fuskanci ƙofa, ta ciro wayarta ta kife ta a cinya ta danne da hannu biyu.

Ita ce mutum ta farko da na zauna da ita da gaske. Na ce, "Me kike fatan ki samu daga zuwanki nan?"

Ta daɗe tana kallona, wani irin kallo har cikin ido, sannan ta ce, "Barci nike so, Malama. Aurena ya mutu shekara guda da rabi, amma har yau in waya ta yi kuka cikina ka murɗawa. Shina kira da lamba daban-daban."

Bakina ya so ya tambayi wane ne, me ya yi mata. Na tuna Madam, na haɗiye. Na ce, "A ce yau kin kwanta, kafin asuba Allah ya yaye miki wannan abin, ke ba ki sani ba don kina barci. Da safe me za ki fara gani?"

Can ta ce, "Zan buɗe taga."

"Sai me?"

"In kai ɗiyata islamiyya da ƙahwata, ba ina waiwaye ba. In tsaya in sai mata ƙosai bakin hanya, in jira a soya, ba in ce a ba ni mai sanyi don in yi sauri ba."

Na tambaye ta daga sifili zuwa goma. Ta ce biyu. Na ce me ya hana ta zama sifili. Ta dubi hannuwanta ta ce, "To, ai na hito gida na zo nan." A wurin ta fara kuka marar sauti, ni ma na ji idona ya cika. Na roƙe ta cikin satin nan ta lura da duk lokacin da tsoron ya ragu, ko kaɗan ne, ta zo min da labarinsa.

Ranar na koma gida ina jin na iya aiki. Na tarar Inna ta baje leshi uku a kan gado, ruwan zuma da fari da shuɗi, tana zaɓar wanda zan sa ranar gaisuwa. Aminullahi ya turo saƙo: "Ranki ya daɗe, me aka koyo yau?" Na ce masa an koyo sauraro. Ya turo min fure.

Talata ta biyu Riskuwa ta dawo. Wannan karon har ɗan kwalli ta sa. Ta ce ta lura, kamar yadda na ce.

"Ranar Laraba na samu sauƙi. Na yi wanki a tsakar gida, har waƙa na yi."

"Me ya bambanta Laraba da sauran ranaku?"

"Ranar yake bin motar albasa zuwa wata kasuwa can bakin iyaka. Wurin ba sabis. Tun muna tare na san Laraba ba shi kira sai bayan magariba."

Biro na hannuna ya tsaya. Na ce a raina, masu sarin albasa a ƙasar nan sun fi dubu, Hamida ki natsu. Na yi mata tambayar da ke gaba a darasi: yaya aka yi ta jure har ta kawo yau?

"Ɗiyata ta sa," in ji ta. "Can Augie, in zai tahi gona sai shi sa kwaɗo ta waje, wai kar kowa ya shigo mini. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu yana gona. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙohwa, na hau gado da jaririya, ya kai katihwa, na ɗora ta a kahwaɗa na tsaya. Na yi ta kira har muryata ta tahi. Maƙwabta sunka ɓalle ƙohwar da gatari. Da ya dawo bai tambayi ɗiya ba, cewa ya yi wa ya ba su izinin shiga gidanshi." Ta goge ido da bakin hijabi. "Bai taɓa duka na ba, Malama, shi ya sa ba wanda ya yarda da ni. Ko murya ba shi ɗagawa. In ya kira sau uku ban ɗauka ba, saƙo kawai zai turo: na ƙirga. In ya dawo sai in kwana tsaye in hwaɗi inda nike a kowane kira."

Wallahi 'yan uwa, ban san yadda aka yi na ƙarasa zaman nan ba. Kunnena ya toshe, fankar nan kamar a cikin kaina take juyawa. Na ji bakina yana yaba mata ƙarfin halinta, yana tambayarta abin da za ta ɗauko daga Laraba ta kai Alhamis. Ta ce za ta gwada kashe wayar awa biyu kullum. Ta tashi, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara magana, sai ta fita.

A jakata wayata ta yi ta girgiza tun muna tsakiyar zama. Na ciro. Kira uku, da saƙo ɗaya. Ba sai na gaya muku abin da aka rubuta ba.

Na shiga ɗakin Madam ban ko yi sallama ba, na ajiye mata takardar da wayar gefe da gefe. Ta karanta wannan, ta karanta wancan. Ta cire gilashinta, ta tashi ta rufe ƙofa, ta zuba min ruwa a kofi.

"Ta faɗi sunansa?"

"A'a, Ma."

"To ba mu da tabbas. Amma daga yau ba za ki sake zama da ita ba, ni zan karɓe ta. Kuma ki ji da kyau, 'yata. Abin da ta faɗa a ɗakin can nata ne. Ba za ki kai shi gida ba, ba za ki kai wa mutumin ba. In ya ji ta yi magana, ita za ta fara shan wahala. In na ga rayuwarta na cikin haɗari ni na san matakin da zan ɗauka, da saninta."

"Ma, ranar Asabar za a sa rana. Me zan ce wa iyayena?"

"Sirrinta nata ne. Abin da ke cikin wayarki kuma naki ne." Ta mayar da gilashin. "Bari in tambaye ki. Daga sifili zuwa goma, yaya hankalinki yake kwanciya in wayar nan ta yi ƙara?"

Na buɗe baki zan ce takwas. Abin da ya fito shi ne, "Uku."

"Tun yau, ko tun da?"

Na tuna yadda nake shiga banɗaki da waya. Na tuna ranar sunan 'yar yayata da na bar abinci na fita waje ina ɗaukar hoton ƙofar gidan don in tura masa. Na ce, "Tun da."

"Akwai ranar da yake kai biyar ko shida?"

Sai da na rufe fuskata da mayafi kafin na iya faɗa. "Laraba."

Ba ta ce min in rabu da shi ba, ba ta ce in aure shi ba. Ta ce in yi tunanin mutum ɗaya a gidanmu da zai saurare ni har in gama magana, kuma in daina faɗin wani abu mai muhimmanci ta wannan wayar.

Ranar Alhamis Madam ta kira Riskuwa ta zo asibiti don ta yi mata bayanin canjin. Ni ina wani ɗaki ina cike takardu, ban fito ba sai da na hango ta taga ta wuce, kanta a ƙasa. Ƙarfe biyu na rataya jaka na fito. Rana ta buɗe sosai, kwalta har wani turiri take yi.

Farar motar Aminullahi tana ƙarƙashin dogon yaro, tsallaken titi.

Yana jingine da ita cikin shadda ruwan ƙasa, da leda a hannu, yana murmushi. Bai taɓa zuwa Argungu wurina ba. Ban taɓa gaya masa sunan asibitin ba.

"Ranki ya daɗe. Ga kifi na sa an soya miki. Shigo in kai ki gida."

"Yaya Aminu, ka san Baba ba ya son ina shiga mota ni kaɗai da..."

"Na kira Inna. Ita ta ce in ɗauko ki, zafi ya yi yawa."

Na waiwaya. Motar Madam ba ta nan, ta tafi makaranta. Masu jiran ganin likita suna zaune a benci suna kallonmu, saurayi mai kirki ya zo ɗaukar budurwarsa. Ƙafafuna suka kai ni da kansu. Ina zama na ji ƙarar makullin ƙofofin, duka huɗun lokaci ɗaya.

Mun yi nisa karatun Alƙur'anin da ya kunna yana tashi a hankali. Ƙamshin kifin da na turarensa suka haɗu suna tayar min da zuciya. Can ya rage karatun.

"Na ga wata ta fito daga wurin aikinku."

"Mutane da yawa suna fitowa."

"Mai hijabi ruwan toka."

Na matse jakata a ƙirji. "Aikinmu ya hana mu faɗin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ko Baba ne ya tambaya."

"Ko mijinki?"

"Ko shi."

Ya gyaɗa kai yana murmushi, kamar yaro ya ba shi amsa mai ban sha'awa. Da muka kusa Zauro sai ya sa sigina, ya sauka daga kwalta ya ɗauki wata hanyar ƙasa. Na ce ina za mu. Ya ce ai ya kamata amarya ta ga gonarta.

Shinkafar rani ce shimfiɗe kore shar har inda ido ya tsaya. Can nesa injin ban ruwa yana bugawa, amma ban ga mutum ko ɗaya ba. Ya tsaya a bakin wani kwalbati ya kashe mota. Gilasai a rufe. Cikin minti ɗaya zufa ta fara bin bayana. Na sa hannu a hankali na taɓa mabuɗin ƙofa, bai motsa ba.

"Kawo wayarki."

Na miƙa. Ya buɗe ta ba tare da ya tambaye ni lambobin sirri ba. Ya bi saƙonnina ɗaya bayan ɗaya, na Vivian, na 'yan ajinmu, na yayata, yana karantawa a natse kamar mai duba jarida. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina a ciki, ina gode wa Allah da ban rubuta wa kowa komai ba.

"Hamida," ya ce, idonsa a kan wayar, "matar nan ba ta da lafiya. Shi ya sa ta zo wurinku, ai masu irin ciwonta kuke gani. Duk abin da ta faɗa, ciwo ne ke magana. Ni ban riƙe ta a raina ba. Tausayin ɗiyata kawai nake ji, kuma na kusa karɓo ta, ke za ki riƙe min ita." Ya miƙo min wayar, ya riƙe gefenta bai saki ba. "Bayan biki za ki huta da wannan aikin. Ba na son kunnen matata yana jin kowace irin magana. Na gina miki gida mai katanga, ba abin da za ki nema a waje."

Madam ta taɓa ce mana in mutum ya zo da zafi kar mu yi musu da shi, mu nemi abin da yake alfahari da shi mu tambaye shi a kai. Ban san ko don irin wannan wurin ta koya mana ba, amma shi kaɗai ya zo kaina. Na ji muryata, siririya kamar ba tawa ba, tana cewa, "Shinkafar nan ta yi kyau. Yaya ka yi ta kai haka da wannan zafin?"

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sai ya saki wayar, ya yi dariya, ya tayar da mota. Har muka shiga Birnin Kebbi yana ba ni labarin iri da taki da yadda yake raba ruwa, ina cewa "Allah sarki" da "ikon Allah", farcena ya nutse a tafin hannuna. A gida ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ta yi ta sa masa albarka. Ni na wuce banɗaki na yi amai.

Ranar Juma'a da hantsi na samu Inna a madafa tana tankaɗen garin masa. Na ce, "Inna, da za a ɗaga maganar gobe."

Ta ajiye rariya. "Mi ya hwaru? Mi ya yi miki?"

"Tsoronsa nake ji."

"Ya zage ki? Ya taɓa ki?"

"A'a."

"To mi? Wanga yaro da ko ƙuda ba shi kashewa? Ke ɗiyag ga, karatun nan naku na sauraren matsalar mutane ya sa kina ganin matsala inda babu. Kowace budurwa tana jin hwaɗuwar gaba in an zo sa rana, ni ma na ji. An gaya wa dangi, kawunki Dikko ya taso tun daga Jega. Kina son ubanki shi ji kunya?"

Maganar tana bakina, ƙofa da kwaɗo da ruwa da jaririya a kafaɗa. Na tuna fuskar Riskuwa da wayarta a kife a cinya. Na haɗiye. Na nuna wa Inna saƙonnin, jerin "Na ƙirga" har guda arba'in da wani abu. Ta duba ta ce, "Wanda bai damu da ke ba ai ba shi ƙirga kiranki." Ta ci gaba da tankaɗe.

Mutum ɗaya da zai saurare ni har in gama shi ne Baba. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, ba ya katse mutum. Amma Baba mutum ne mai tambayar hujja, kuma hujjar da nake da ita ba tawa ba ce. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinsa ranar, ina jin rediyonsa, ina komawa.

Asabar ta waye gidanmu cike da mata. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, masa tana soyuwa a tanda, an shimfiɗa sabuwar darduma a falon Baba. Aka sa ni na saka leshin nan ruwan zuma, yayata ta ɗaura min kallabi tana tsokanata wai amarya ta rame tun ba a je ko'ina ba. Wayata tana kan madubi. Ƙarfe goma saƙonsa ya shigo: "Sun taso."

Sha ɗaya saura Inna ta leƙo da tata wayar a hannu, fuskarta da alamar mamaki. "Malamarku ta. Ban san inda ta samu lambata ba."

Na karɓa na shige ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gero, na ja ƙofa.

"Hamida, ina Argungu," in ji Madam. "Jiya mutumin ya kira Riskuwa, ya ce zai zo ya ɗauki yarinyar. Mun kai su gidan wan mahaifinta, suna lafiya, kuma mun sanar da inda ya kamata. Tana son magana da ke. Na gaya mata ba dole ba ne, ta ce ita ta zaɓa."

Na ji motsin waya, sannan muryar nan da na sani.

"Malama Hamida."

"Na'am, Riskuwa."

"Ki yahe mini. Na san ki tun kahin in shigo ɗakin nan. Shi ya turo mini hotonki wata biyu da sunka wuce, ya ce ga wadda ta hi ni hankali, har da inda kike karatu. Na yi ta tambaya har anka ce mini kina zama asibitin can ranar Talata. Na zo ne in ce miki ki gudu." Ta ja numfashi. "Sai kika hau tambayata yadda nike son sahiyata ta zama. Ba wanda ya taɓa tambayata haka. Na ce bari in ƙara zuwa sau ɗaya don kaina, sannan in hwaɗi miki. Da na dawo kuma tsoro ya hana ni kiran sunanshi, sai na yi ta ba ki alamu ina roƙon Allah ki gane."

Na zame na zauna a kan buhu, leshin da komai.

"Ki gaya ma mahaihinki duka. Ki kira sunana, na yarda. Ni ɗiyar Malam Tamba ce mai gyaran taru nan Argungu, kowa ya san shi. In shina son shaida, shi tahi Augie shi tambayi Ummaru maƙwabcinmu, shi ya riƙe gatarin. Na gaji da a ce ni ce mahaukaciya."

"Ba kya tsoron abin da zai yi in ya ji?"

"Ina ji. Amma yau da sahe na kai ɗiyata bakin titi mun sai ƙosai, na jira anka soya."

A waje na ji tsayuwar motoci, da buɗe ƙofofi, da muryoyin maza suna sallama a zaure. Mata suka hau gyara mayafai. Na fito daga ɗakin ajiya da garin gero a jikin leshina. Inna ta tare ni a tsakar gida tana raɗa, "Ina za ki? Baƙi sun iso, koma ɗaki." Na sa mata wayarta a hannu na wuce ta gefenta.

Baba yana tsaye a ɗakinsa gaban madubi, cikin farar babbar riga, yana daidaita hula. Kawu Dikko ya leƙo ya ce masa mutanen Augie suna jira. Na durƙusa a bakin ƙofa, na riƙe labule da hannu biyu don kar in faɗi.

"Baba, ina da magana. Kafin ka fita."

Ya juyo ya dube ni, daga kallabin da ya karkace har zuwa garin geron da ke jikin leshina. Sannan ya cire hular ya ajiye a kan gado.

"Dikko," ya ce, "a kai musu ruwa. Ka ce su yi haƙuri, ina tare da ɗiyata."

Ya jawo kujera ya zauna, ya nuna min tabarma a gabansa.